Juyin Mulki a Gidan Gem Ɗin Lawandi

Jama'a, an zalunce ni. Tun da aka kafa garin Funtuwa ba a taɓa yi wa ɗan Adam irin wannan zalunci ba. An yi mini juyin mulki da rana tsaka, ba harbi, ba sanarwa a rediyo, kuma har yau ba wanda ya tako ya yi mini jaje. Ni Tanko Maiturare, da ƙamshina kan riga ni yin sallama, ni aka tayar daga kujera a gaban yaran da na ci tuwon sunansu!

Ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

A bayan shagona akwai gidan gem na wani saurayi, Lawandi. Ɗaki ne guda, tibi babba, bencuna, da inji mai fad biyu, wato abin nan mai maɓallai da ake riƙewa ana dannawa. A kusurwa kuma, daidai ƙarƙashin fanka, akwai wata kujera mai katifa. Kujerar alƙali ke nan. Duk ranar Asabar ana gasa, kuma ni ne alƙali.

Yadda na hau ta ba wuya. Wata rana zafi ya koro ni daga shago, na leƙa, na ga kujera da fanka ba mai su. Na zauna, na yi gyaran murya, na ce, "Kai, wannan ai tsohon yayi ne. Lokacin da nake sarin turare a Dubai, irin wanda muke bugawa har kujerar girgiza take." Yara suka buɗe baki. Daga ranar aka ce in riƙa raba musu gardama.

Maganar Allah, Dubai a jikin kwalin turare na santa. Fad kuwa ban taɓa riƙe shi ba. Amma alƙalanci ai ba da yatsa ake yi ba, da fuska ake yi. Ina kallon 'yan wasa: wanda ya yi tsalle shi ya ci, wanda ya yi tsaki shi aka cinye. Sai in ɗaga hannu in yanke hukunci, in ƙara da sharhi.

Sharhin kuwa ba a magana. Wasan jera tubala, wanda suke zubowa daga sama kana neman inda za ka cusa su, na ce na magina ne, ba na masu ilimi ba. Wasan gina gari da tara sojoji na ce ya yi sanyi: mutum ya wuni yana noma a tibi alhali gonar ubansa ta cika da ciyawa. Tseren mota kaɗai na yarda wasa ne. "Shi ne nawa," in ce. "Ba na bugawa da ku ne don kada in karya muku zuciya."

Ana nan lafiya lau, sai ga Ɗayyabu.

Ɗayyabu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, mai sayar da kaji a kasuwa. Tun muna yara ba abin da ya iya sai tona ni. Ya shigo neman ɗansa, ya same ni a kishingiɗe ina bayani a kan yadda ake shan kwana.

"A'a! Tanko, yaushe ka zama direba? Kai da ko keke sai an riƙe maka?"

"Bawana, yi magana da ladabi. Kotu kake."

"Kotun wa? Lawandi, ka taɓa ganin wannan mutumin ya taɓa abin nan?"

Lawandi ya sosa ƙeya. "To, Baba Tanko dai yakan ce ya fi ƙarfinmu."

"Ya fi ƙarfinku? To ni bai fi ƙarfina ba. Ɗana ya ɗan koya mini a gida. A haɗa mu tsere. In na ci, kujerar nan tawa ce, har da fankar."

Ɗaki ya ɗauki ihu. Na so in zame. Amma ido ya yi yawa, sai na yi dariyar manya na ce, "Haɗa mana, Lawandi. Yau zan koya wa mai kaji bambancin mota da akurki."

Lawandi ya haɗa. Tibi ya rabu biyu, mota a sama, mota a ƙasa, duk suna bakin layi suna ruri. Ana shirin tashi sai aka kira La'asar. Ya dakatar da wasan, ya ajiye fad ɗin biyu, baƙi a gefena, ja a gefen Ɗayyabu. Kowa ya fice.

Ni kuwa na ce bari in ɗauko hulata. Na dawo ɗaki ba kowa. Injin yana ƙarƙashin tebur, an sakaya shi da labule saboda yara. Na durƙusa da babbar rigata, na ɗaga labule, na tarar da wayoyi sun cukurkuɗe kamar taliya. Na kama wayar jan fad, na bi ta a hankali, na bi ta, ta shige ƙarƙashin wata, ta ɓullo, na ci gaba da bi har gindinta. Na zare, fit! Na saki labule, na karkaɗe gwiwa, na tafi masallaci a natse har da shiga sahun gaba.

Ku yi mini adalci: ba na son in ci amanar kowa. So nake kawai motar Ɗayyabu ta ɗan huta, ni kuma in lallaɓa tawa ko da tafiyar kunkuru ce.

Aka dawo, ɗaki ya cika maƙil, har da masu leƙe ta taga. Na ɗauki baƙin fad. Lawandi ya saki wasa. Fitila ta yi kore.

Fuuu! Motar sama ta fita kamar an harba ta. Ta ƙasa ko motsi.

Allahu Akbar! Na ce a raina, ashe haka abin yake da sauƙi? Na danna duk abin da yatsana ya samu. Mota ta sha kwana, na karkata har kafaɗata ta taɓa na kusa da ni. Ta hau gada, na ɗaga gindi. Na fara yi mata kukan inji da baki: "Buuun! Bun-buuun!"

Yara suka fashe da dariya. Na ce ai dole, sun ga abin da ba su taɓa gani ba.

"Bawana!" na ce. "Man fetur ne ya ƙare, ko fasinja kake jira?"

Ɗayyabu ya zaro harshe gefe guda, ya ƙura wa tibi ido, gumi na bin wuyansa. Tausayinsa har ya ɗan kama ni.

"A kawo masu turi! Kai Lawandi, a duba masa taya!"

Wani yaro ya faɗo daga benci don dariya. Lawandi ya ce, "Baba Tanko, ka ga..."

"Kar ka dame ni, ina kan aiki!"

Daga nan na koma tuƙi da hannu ɗaya. Mota tana tafiya sumul. Sai na ce bari in nuna musu na Dubai. Na ajiye fad a cinya, na sa hannu biyu na gyara karin hulata, na shafa gemu. Wallahi motar nan ta sha wata muguwar kwana ita kaɗai, ko bango ba ta goga ba!

"Kun gani?" na ce. "Mota ta san maigidanta!"

Nan fa ɗaki ya rushe. Masu leƙe ta taga suna dukan ƙarfe. Wani yana riƙe da ciki yana cewa a taimake shi.

Mota ta tsallake layi, tuta ta kaɗa. Na miƙe tsaye, na baza riga, na ɗaga hannu kamar yadda na saba.

"Kotu ta yanke hukunci! Mai motar ƙasan nan, wadda ta kwana a tasha, bai san komai ba a harkar gem. Kada a sake ba shi fad. Kada a sake jin bakinsa a ɗakin nan. In ya shigo, wurinsa bencin baya, kusa da takalma!"

"Ka tabbata, ranka ya daɗe?" in ji Ɗayyabu, yana share gumi.

"Ba ɗaukaka ƙara!"

Lawandi ya share hawaye da bakin riga, da ƙyar ya iya magana. "Baba Tanko, don Allah ka yi haƙuri. Jan fad shi ne na sama. Ta ƙasan nan taka ce."

"Tawa? Ƙarya ne! Ta ƙasa ai ta Ɗayyabu ce, ba ka ga ba ta motsa ba? Ta yaya za ta motsa wayarta a cire?"

Idanu duk suka dawo kaina.

Ɗayyabu ya juyo a hankali. "Wayarta a me?"

"A... wato, ina nufin, irin tsayuwar da ta yi, ai ka san..."

Lawandi ya durƙusa ya ɗaga labule. Ya jawo wayar da ke lilo, ya biyo ta, ya warware ta daga cikin 'yar'uwarta, ya biyo ta, ya biyo ta, har ta kawo shi kan baƙin fad ɗina.

"Ikon Allah," in ji Ɗayyabu. "Tanko, ta cikin labule kake gani yanzu? Ko hular da ka dawo ɗauka ce ta faɗa maka?"

Na juya na nufi ƙofa, don amsa ba ta kamaci babba a cikin hayaniya ba. Kafin in gama neman takalmina, har mai kaji ya miƙe ƙafa a kujerata yana cewa a ƙara gudun fanka.

To kun ji irin zaluncin da aka yi mini. Na kwana ina neman wanda zan kai ƙara. Lawandi ya yi ƙoƙarin gaya mini, na hana shi. Ɗayyabu tuƙinsa kawai ya yi. Hukuncin kuwa daga bakina ya fito, kuma ni na toshe hanyar ɗaukaka ƙara. Na bi maganar nan a hankali, na bi ta har gindinta, sai na tarar duk garin nan mutum ɗaya ne ya durƙusa ya cire mini waya, kuma shi ne yake ba ku labari.