Na'urar da Ta Raba Ni da Wainar Hajiya Kande

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta,
Cibiyar Gwajin Abinci ta Tsawon Rai,
Saman bene, bayan masu sayar da taya,
Sabon Gari, Zariya.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyalinka kuna cin abinci lafiya, tunda ku ba a gwada ku ba. Sunana Mordecai, mutumin Kagoro, malamin firamare a Samaru. Ni ne dogon nan da ya zo muku da kumburin ciki bayan damina, kuka ba ni wani ƙarfe na riƙe, kwamfuta ta faɗi abincin da jikina ba ya so. Ga 'yan koke-kokena, in ba zan katse maka cin rana ba.

Na ɗaya. Na'urarku ta hana ni masara, dawa, gero, shinkafa, wake, gyaɗa, ƙwai, nono, manja da barkono. Ranka ya daɗe, wannan gwaji ne, ko kasuwar Samaru aka karanto min daga ƙofar shiga zuwa ta fita? Har da acca, wadda da ita uwata ta yaye ni. Kun ce daga Turai kuka sayo na'urar. A ina ta san acca har suka yi faɗa?

Na biyu. Kun halatta min wani ganyen Turawa wai shi burokoli da wani kifi wai shi salmon. Na je kasuwar Sabon Gari na tambayi Oluoma mai kayan miya. Ta ce in maimaita, ta kira maƙwabtanta su ma su ji, daga ƙarshe ta haɗa ni da kabeji da haƙuri. Tun daga nan kabeji da safe, gurji da rana, da yamma kabeji da addu'a.

Na uku. Ina riƙe da ƙarfen aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kwamfuta ta mutu. Duk da haka ma'aikacinku ya shiga ciki ya fito min da sakamako har da hatimi. Ba zargi nake ba, sha'awa ce. Shekara da shekaru ina koyar da kimiyya ban ga irinta ba.

Ni ba mai cin haƙƙin mutane ba ne. Kumburin ya tafi, don babu abin da ya rage a ciki da zai kumbura. Batun nono kuma kun yi gaskiya, sai dai wannan 'yan ajina na layin gaba sun daɗe da saninsa ba tare da kwamfuta ba.

Na huɗu, kuma shi ya sa na ɗauki biro. Hajiya Kande, mai gidan da nake haya, tun zuwana garin nan ba ta kira na sai "ɗana". Kowace Juma'a kwanon waina da miyar taushe na iso ƙofata. Wainar shinkafa ce, kun haramta. Ka kuwa san a nan ba a mayar wa uwa kwanonta yadda ta aiko shi. Sai na riƙa juye wainar ta taga, inda aka ɗaure ragon layyarta, in wanke kwano in mayar da godiya. Rago ya yi ta ƙiba, ni ina ta tsawo. Maƙwabta har zuwa suke su tambayi Hajiya irin dusar da take ba shi.

Juma'ar da ta wuce ragon ya tsinke igiya. Ya tsallake dusarsa, ya bi kwanon har ƙofata, ya tsaya yana kuka kamar mai bin bashi. Hajiya na tsaye a tsakar gida. Ta dubi ragon, ta dubi wuyana, ta ce, "Ashe rago nake soya wa waina, Malam."

Malam, ranka ya daɗe. Ba ɗana ba. Gaisuwata yanzu da ka take amsawa. Ragon ma da aka yanke masa abinci, ya tunkuye ni a hanyar banɗaki.

Ga Babbar Sallah ta ƙarato, kuɗin mota ba zai kai ni Kagoro Kirsimeti ba, kuma ban san ko kwano zai sake zuwa ba. In ya zo ɗin ma, naman ragon nan ya halatta gare ni, alhali rabinsa shinkafa ce?

Roƙona ɗaya. Ku rubuto min takarda da hatiminku cewa na'ura ta sake dubawa ta gano wainar Hajiya Kande magani ce a jikina, in kai mata in durƙusa. In kun ƙi, zan je in durƙusa hakanan, in ci duk abin da ta zubo, cikin ya kumbura har a gan shi daga Shika. Ba sai na zo na riƙe ƙarfe ba, ba sai kun tada janareto ba. Ni shaida ne, na'urarku ta fi aiki in ta mutu.

Naka mai biyayya har igiyar wando ta ƙare,

Mordecai Bobai
Ɗakin kusa da rago, Samaru
Disamba, 2007