Jikan Iya a Kan Ƙanƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da yammacin wata Lahadi da na tara mutanen gidanmu kallon wasan hoki na ƙanƙara, wasan da ni kaina ban taɓa ganin an yi shi daga farko zuwa ƙarshe ba. Har yau in na tuna sai kunya ta lulluɓe ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

Ƙauyenmu yana gefen Ɗambatta. Ni malamin firamare ne, amma abin da aka fi sanina da shi shi ne sharhin ƙwallo. A gidan kallo in na buɗe baki kowa shiru yake yi (yanzu na gane wasu gajiya ce take sa su yin shirun). Har laƙabi aka yi mini, wai Koci, na kuwa karɓa hannu bibbiyu.

Baffa Sani, yayan mahaifina, ya tafi karatu ƙasar Finland tun ina goye. Ya yi aure a can, ya haifi ɗa ɗaya, Yusuf, a can kuma Allah ya karɓi abinsa. Sau ɗaya aka taɓa kawo Yusuf gida, yana ɗan ƙarami. To shi ne ya girma ya zama ƙwararren ɗan wasan hoki, mai tsaron baya, da wasan yake ci yake sha. Kakarmu Iya kullum maganarta ɗaya ce: "Ni dai a nuna mini angon nan nawa a bakin sana'arsa kafin idon nan ya ƙarasa tafiya." Da ma yanar ido ta fara rufe mata guda ɗaya.

Da yake ni ne mai Turancin gidan, ni nake magana da Yusuf a waya. Ya turo mini inda za mu kalli wasansu kai tsaye, ya haɗa da wani dogon saƙon murya. Na saurari gaisuwar farko, na ce sauran ai surutu ne, mutum kamata ba ya buƙatar a koya masa kallon wasa. Ina da hotonsa sanye da shuɗiyar riga, a ganina magana ta ƙare.

Bayan la'asar na aro talabijin da batir daga gidan kallo, na kafa a tsakar gida ƙarƙashin darbejiya. Matan gida suka shimfiɗa tabarmi, maƙwabta suka cika zaure har ƙofa, Baba ya jawo kujerarsa. Iya ta ci ado da sabon mayafi, aka zaunar da ita a gaba. Ni kuwa na tsaya gefen talabijin da ɗan kara a hannu, irin wanda nake nuna allo da shi.

Aka fara wasa. Mutane ne ƙatta, an cusa musu katifu a kafaɗa, kowa da hular kwano da sanda mai lanƙwasa, suna sulɓi a kan ƙanƙara da takalma masu kaifi. Ƙwallon ma ba ƙwallo ba ce, wani baƙin abu ne kamar murfin gwangwani, kafin ka gan shi ya wuce. Ga netwok yana yi yana tsayawa, fuskar kowa ta zama dishi-dishi. Ɓangare ɗaya shuɗiyar riga, ɗaya fara.

"Koci, wanne ne nawa?" in ji Iya.

A nan ne ya kamata in ce ban sani ba. Amma ido ya yi mini yawa. Na duba masu shuɗiyar riga, na zaɓi wanda ya fi kowa gudu, na ɗora masa kara. "Ga shi nan, Iya. Wannan na gaban."

Baba ya gyara zama. "Ba kai ka ce mai tsaron baya ne ba? Me ya kai shi gaba?"

"Baba, wasan zamani ne," na ce masa. "Mai tsaron baya na yanzu har ci yake yi."

(Ni da na san ko ƙungiyar ƙwallon garinmu takan canza riga in ta je baƙunta. Ranar dai basirar ta tafi kiwo.)

Iya ta buɗe bakin albarka. Duk inda mai shuɗiyar rigar nan ya juya tana bin sa da addu'a: Allah ya tsare, Allah ya ɗaukaka, Allah ya kau da idon maƙiya. Da ya zura ƙwallo a raga sai guɗa ta tashi, har awaki suka firgita. Na dubi Baba na ɗaga gira, wato ka gani.

Sai dai akwai wani dogo mai farar riga da ya hana yaron namu sakat. Ya bi nan ya tare shi, ya bi can ya sa sanda ya zare masa ƙwallo. Ba ya gaggawa, ba ya neman ci, kullum yana komawa da baya yana jiran mai zuwa. Na ce wa jama'a, "Irin waɗannan ba su iya wasa ba. Mugunta kawai aka ɗauke su yi." Can kuwa mai shuɗiyar riga ya taho a guje ta gefe, dogon ya haɗa shi da katanga, ji kake rim, yaro ya zube.

Iya ta miƙe tsaye, abin da sai an kama ta take yi. Ta nuna talabijin da yatsa. "Allah wadanka, mara albarka! Yadda ka kayar mini da maraya, Allah ya kayar da kai kayen da ba ka tashi!"

Aka amsa da amin. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi, har da shafawa.

Alƙalin wasa ya hura usur, ya kai dogon wani ɗan keji na gilashi a gefen fili, inda ake zaunar da mai laifi na ɗan lokaci. Ina cikin bayanin cewa wannan shi ne kurkukunsu, sai mai ɗaukar hoto ya matso da fuskarsa. Ya cire hular kwano yana share gumi. Netwok ɗin da ya wuni yana ba mu wahala, a lokacin ya ga damar washewa tar.

Iya ta matsa har hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo. Sannan a hankali ta ce, "Sani."

Baffa Sani ɗanta ne na fari, tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Amma goshin nan da hancin nan ba su bar wa kowa gardama ba. A ƙasan hoton kuma ga sunan Yusuf an rubuta ɓaro-ɓaro. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, na rasa inda zan ajiye karan hannuna.

"To, Koci," in ji Baba, "sai ka ci gaba da sharhi."

Ba wanda ya yi dariya, domin Iya ta koma ta zauna tana salati. A wurinta bakin kaka ba abin wasa ba ne, kuma ya riga ya fita. Ta zaro carbi tana ta istigfari. Da aka saki Yusuf ya koma fili, duk sanda ya yi tangaɗi sai ta dafe ƙirji. Gab da tashi wani ya ɗirko ƙwallo da ƙarfi, Yusuf ya kwanta da gangan ya tare ta da ƙafarsa, ya kasa tashi nan take. Wallahi ni ma a lokacin tsoro ya kama ni, na manta da kunyar. Da ƙyar ya miƙe yana ɗingishi, 'yan wasansu suna buga sanduna a ƙasa suna jinjina masa. Sai a nan na gane aikinsa ke nan, ya sa jikinsa tsakanin ƙwallo da raga, ba tare da an yi masa guɗa ba.

Iya ta ce ba za ta sa komai a bakinta ba sai ta yi magana da shi. Muka jira ya fito daga fili, na kira shi ta bidiyo. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, saboda haka wa zai yi tafinta? Ni. Da bakina na fassara masa yadda na nuna wa kakarsa ɗan mutane, da irin addu'ar da aka yi masa a gidan ubansa.

Ya yi dariya har ya kifa kai, na ga ashe ma haƙoransa na gaba babu biyu. Ya ce in gaya mata duk garin da ya je wasa dubban mutane suke zaginsa, alamar ya yi aikinsa ke nan, amma yau ce rana ta farko da aka zage shi da harshen babansa. Ya ce lambar rigarsa da launinta duk suna cikin saƙon da ya turo mini.

Iya ba ta yi dariya ba. "Gaya masa na janye. Gaya masa ya ce ya yafe."

Na koya masa, ya maimaita da wata karyayyiyar Hausa: "Na yafe, Iya." Sai ta fashe da kuka, ta shiga sa masa albarka tun daga kansa har ƙafar da ta bugu, tana shafa gilashin wayar da tafin hannu. Da ta gama ta share ido da gefen mayafi, ta juyo kaina.

"Ni na janye tawa. Kai fa, amin ɗin nan taka mai ƙarfi, tana nan?"

Haka na tsaya a tsakiyar gida, gaban Baba da maƙwabta da yaran da nake koyarwa, na janye amin da babbar murya. Tun daga ranar, ko a wurin ɗaurin aure ne, ba na cewa amin sai na tabbatar da wanda ake yi wa addu'ar.