Goro Ba Abinci Ba Ne

Har gobe ban yarda laifina ne ba. Ciwon ciki ya kai ni Kumasi daga Salaga, kwana biyu a mota. Likita ya ce zai zura min tiyo ta maƙogwaro ya leƙa cikina, kada in ci komai. Ni da na saba azumi? Ko koko ban sha ba. Goro uku kawai na tauna a layi.

Da likita ya leƙa ya ga ja ko'ina, sai ya ce, "Jini!" Aka tsotso, aka ga goro. Aka ce in dawo wata mai zuwa.

Matata ta baza labarin. Yanzu duk mai miƙo min goro a kasuwa sai ya ce, "Alhaji, ci, likita ba ya nan." Karɓa nake, in tauna a gabansa. Goro ba abinci ba ne.