Kabarin Kakan Barnaby

"Mu 'yan gidan Aldermoor ba ma bin layi," in ji Barnaby mai soya kifi da dankali, ran da ya tsallake mutum tara a gidan waya don ya sayi kan sarki guda.

Kai da ba ɗan ƙauyenmu Nettlecross ba ne, bari in gaya maka: sunan mutumin nan Barnaby Pickles, ɗan Pickles, jikan Pickles. Amma tun da ya yi tuntuɓe da wani dutsen kabari a bayan lambun gidan sarautar Aldermoor, ya ga sunansa a jiki, bakinsa bai ƙara fitar da magana babu sunan Aldermoor a ciki ba. "Aldermoor ba ya shan shayi mai sanyi." "A miƙo wa Aldermoor gishiri." Ko atishawa ya yi sai ya ce irin ta gidansu ce.

Matarsa Maud takan ce, "To, Aldermoor ya taso ya fere dankali, mai na ƙonewa."

Al'adarmu ce, jinin Aldermoor ke yanke ƙyallen buɗe bikin ƙauye na shekara. Bana Uwargida Aldermoor, tsohuwa mai shekara casa'in, ta aiko cewa gwiwa ta hana ta. Gogan naka ya faɗa wa kwamitin biki almakashi nasa ne.

Fasto ya ce, "Sai ka kawo shaida, ɗana."

"Ku biyo ni ran Asabar. In ƙarya nake, in sauke sabon allon shagona in ci shi da gishiri."

Asabar ta yi, ya fito da doguwar hular haya wadda ba don kunnuwansa ba da ta sauka har haɓa. Ya zana zaki a jikin motar kifi, wai tambarin gidansu ne, yara suka bi shi suna tambayar wa ya ba shi akuya. Da ya ƙwanƙwasa babbar ƙofar gidan, mai hidima ya shinshina iska ya ce, "Masu kifi ta ƙofar baya."

"Aldermoor ba ya jayayya da bara," in ji Barnaby, ya ja kwamiti suka zagaya ta wajen juji.

Ga dutsen a gindin bishiya. Ya ɗora furanni a kabarin, ya cire hula, ya gyara murya, ya karanta: "Barnaby Aldermoor. Mai aminci, gwanin farauta. Ya bar 'ya'ya sittin da biyu."

Fasto ya tura tabarau. "Sittin da biyu? Da mace ɗaya?"

"Mu Aldermoor haka muke."

"Ni dai ban ga alama ba," in ji Maud. Ta durƙusa ta kankare gansakuka da mabuɗi. "Maigida, an ce nan shekararsa goma sha huɗu a duniya."

"Mukan fara da wuri."

Ana haka sai ga Uwargida an turo ta a keken guragu, bargo a cinya. Ta dubi furannin da ya ɗora a kabarin, idonta ya kawo ruwa.

"Wane ne mai kirkin nan da ya tuna da Barnaby?"

"Ranki ya daɗe, jininsa ne. Sunansa ma na ci."

"Allah sarki. Duk karnukanmu nan muke binne su, amma babu kamarsa. Ina yarinya a ƙafafuna yake kwana." Ta ƙura masa ido. "Kai ba jikan Pickles mai kula da karnuka ba ne? Ya ce in ya sami jika mai manyan kunnuwa, sunan karen nan zai sa masa. Ashe ya cika alkawari."

Fasto ya kama tari. Barnaby ya mayar da hula, wannan karon ya bar ta ta rufe fuska.

Fasto ne ya yanke ƙyalle a bikin. Barnaby kuwa, kwamiti ba su manta da shi ba: shi suka naɗa alƙalin gasar karnuka, wai ai ya fi kowa sanin dangi.

Da yamma Maud ta jingine masa allon shago a kan teburin cin abinci, ta ajiye gishiri a gefe, ta yi fito ta ce, "Barnaby, zo nan. Zauna."