Kartar da Ta Biyo Ni Tebur na Biyar

Ba zan taɓa mantawa ba da la'asar ɗin da kafilina, Abu Khalid, ubangidan da ya tsaya mini a Saudiyya, ya ja ni wasan karta da ake kira birij. Ina magatakarda a sitonsa na tashar jiragen ruwa ta Jidda, kuma na ɗan koyi wasan wajen wani Bafakistane. Abokin wasan kafilin nawa ne ya kwanta ciwo, shi ne Abu Khalid ya ce mini, "Yalla, kai za ka zauna." (Mai riƙe maka iƙama, takardar izinin zama, ba a ce masa a'a.)

Zauren wasan ya cika da mutane, huɗu-huɗu a kowane tebur, amma shiru kamar gidan makoki. Ba shewa, ba buga karta. Kowa ya ajiye tasa a gabansa, in an gama ya zura ta cikin wani ɗan faranti mai aljihu huɗu, a ɗauke.

Rabon farko na sha kaye, har gumin yatsana ya ɓata kusurwar sarki mai jar zuciya.

Da zagayen hutunmu ya zo, na tsaya bayan wani tsohon Bature a tebur na biyar. Ya buɗe hannunsa a hankali. Kartata ce! Duka sha ukun, har da sarkin mai tabon yatsana. Ga shi tsohon fari fat, ko ƙiftawa ba ya yi.

"A'uzu billahi!" na kurma ihu. "Wallahi sihiri ne! Sarkin zuciya na hannunsa, da sarauniya, da goma, ni na riƙe su ɗazu!"

Zaure duka ya juyo. Abu Khalid ya rufe fuska da rawaninsa.

Alƙaliyar wasan, wata dattijuwa 'yar Masar, ta yi mini bayani kamar mai lallashin ɗan yaye. Ashe da gangan ba a sake cakuɗa kartar. Rabo ɗaya ke zagaya dukkan tebura, sannan a gwada wa ya fi iya sarrafa shi, don kada wani ya fake da sa'a. Ni kuwa na tona asirin hannun bawan Allah. Aka soke rabon a teburinsu, aka zaftare mana maki.

A mota Abu Khalid ya ce, "Halas, magana ta ƙare, ya shaikh. Duk wanda ya riƙe kartar nan ya ci da ita, sai kai."

Tun daga ranar, in abu ya gagare ni, sai na waiga kafin in ce rashin sa'a ne. Wataƙila akwai wani a tebur na gaba riƙe da irin hannuna, yana ci abinsa shiru.