Ranar Da Na Ceci Alhaji Daga Soyayyen Kifi

Shekarar da aka dawo da zaɓe a Benin ina tuƙa taksi a Kwatano, kuma duk Zongo ba wanda ya kai ni bugun ƙirji da Turanci. Finafinan harbe-harbe ne makarantata. A can na koyi cewa in ɗan daba ya ce "take him out", to, sai a nemo likkafani.

Wani Bature ɗan jarida ya ɗauke ni haya. Muna wucewa ƙofar gidan Alhaji Sani, ɗan takarar depite, wato ɗan majalisa, na unguwarmu, sai ya nuna gidan, ya shafa baƙar jakarsa, ya ce, "Tomorrow I take him out."

Na ce a raina, ta Alhaji ta ƙare. Mulkin soja bai daɗe da wucewa ba, mun san yadda mutum ke ɓacewa. Kuma da motata za a yi aikin!

Washegari na ɓuya a ɗakin matata. Da azahar na ji an ce Baturen ya tafi da Alhaji can unguwar Fidjrossè, bakin teku. Na ruga masallaci ba takalmi ina ihu, "Jama'a, za a kashe Alhaji!"

Mota huɗu muka cika, har da liman da jandarma biyu. Muka tarar da su a bakin teku, suna cin soyayyen kifi.

Alhaji ya tsame hannu ya ce, "Lafiya, Malam Liman? Baƙon nan cin abinci ya gayyace ni."

Har yau, duk wanda zai kira ni walima a Zongo sai ya ce, "Direba, ka bar wasiyya ka zo, akwai kifi."