Yadda Za Ka Sa Wa Kwamfutar Baban Budurwarka Had Dis, Kuma A Ba Ka Auren

Da la'asar ne, hadari ya haɗo, iska na kaɗa labulen falo. Baban yarinyar da kake nema ya ajiye maka sabon had dis, ƙarfen nan da kwamfuta ke adana komai a ciki, ya ce, "An ce a shagon gyara kake aiki." Gaskiya ne, kai ne mai goge tebur. Kwantar da hankalinka. Bi ni a sannu, na tabbatar maka za a sa rana.

1. Cire wayar wuta. Sannan ka taɓa ƙarfen jikin akwatin kafin ka sa hannu ciki. Masu gyara na yin haka. Ban san dalili ba, amma yana ƙara kwarjini.

2. Buɗe murfi. Kwance da sukudireba, leƙa ciki, girgiza kai, ka ce, "Baba, wa ya taɓa buɗe ta?" Kowa ya ambata, ka yi shiru. Shirun gwani ya fi zagi.

3. Zura sabon a gurbinsa ka ɗaure. Kada ka taɓa tsohon. Hotunan marigayiya mahaifiyar Baba na ciki. In suka tafi, kai ma ka tafi.

4. Wayoyi biyu ne. Siririyar ta tafi babban allon ciki, mai faɗin ita ke kawo wuta. In baki ya ƙi shiga, juya shi, kada ka danna. Kana sa siririyar Baba zai tambaye ka makarantar da ka yi. Za ka manta da ta biyun. Kowa na mantawa.

5. Mayar da wayar wuta ka kunna. Fanka za ta juya, amma kwamfuta ba za ta ga baƙon ba. Ka ce, "Tana tunani ne, Baba."

Yayan yarinyar, wanda bai taɓa amsa gaisuwarka da baki ba, zai ce daga bakin ƙofa, "Injiniya, ko a kawo mata shayi?" Yi murmushi. Goge gumi da kafaɗa.

6. Jira Baba ya fita kwashe shanya. Ruwa ya sauko ai.

Gargaɗi: daga nan ba ilimina ba ne. In kwamfuta ta yi hayaƙi, ko aka ce ka daina zuwa gidan, ni ban san ka ba. Abin da na gani kawai zan faɗa. A nawa karon, yayan ya shigo, ya kashe wuta, ya zura hannu ya jona mai faɗin, ya kunna. Baba ya dawo da kaya a kafaɗa, ya ga kwamfuta ta karɓi baƙonta, ya dafa kaina ya ce Allah ya yi albarka. Na juya in dubi yayan. Har ya fita shigo da takalmana daga ruwa.